Yadda muka daina kiran majinyata da lambar gado

Idan mutum ya tsaya a bakin ɗakin masu jego na asibitin da nake aiki a Sakkwato ya ɗaga murya ya ce "A'isha Abubakar", da wuya a rasa mata biyu da za su ɗago kai, wata rana har da mai jinyar da ke zaune kan tabarma. Sunayenmu kaɗan ne, mu kuwa Allah ya yi mu da yawa. Mata dai A'isha, Fatima, Hauwa'u, Hadiza, Asma'u, Maryam, Zainab. Iyayensu kuma Muhammadu, Abubakar, Umaru, Usman, Aliyu. Sannan sunan da ke jikin kati sau da yawa ba shi mace ke amsawa ba. Kati ya ce Hauwa'u, ita da danginta Kulu suka sani. An rubuta A'isha, a gida Indo ce. Hadiza Dije ce, Zainab Abu ce, Asma'u Nana ce. Wanda ya je yankar katin, ko miji ko ƙanen miji, wani lokaci sunan mahaifinta zai bayar a matsayin suna na biyu, wani lokaci na mijin. Idan ta dawo wata haihuwar wani daban ne zai yanki katin, sai mace ɗaya ta tashi da fayil biyu. Shekarun haihuwa kuwa sai dai a dubi fuska a ƙiyasta.

Wannan ne ya sa tun kafin in fara aikin ungozoma kowa ya sauƙaƙa wa kansa, ana kiran mutum da gadonsa. "Gado na shida ta sha magani?" "A canja wa gado na tara ruwa." Ba wanda ya ga aibin haka, don ya fi suna saurin ganewa. Sai dai gado ba ya bin mai shi. Wadda aka fito da ita daga tiyata kusa da teburinmu muke son ta kwanta, saboda haka sai a tashi wadda ta ji sauƙi a mayar da ita can ƙurya. Ranar da ɗaki ya cika kuwa har katifa ake shimfiɗawa a ƙasa, ita ba ta da lamba ma.

Abin da ya tayar da mu daga barci ya faru ne da dare. Akwai mata biyu masu suna ɗaya sak a ɗakin. Ɗaya an kawo ta daga wani ƙauye ta wajen Kware, ta haihu a gida ta zubar da jini sosai, likita ya rubuta a ƙara mata. Ɗayar an yi mata aiki an ciro jariri, tana samun sauƙi, ba abin da ya haɗa ta da ƙarin jini. Da la'asar aka yi musu musayar gado, ba a gyara allon da ake rubuta suna da lambar gado ba. Da ledar jini ta iso daga ɗakin gwaji, malamar da ke aikin dare, ita kaɗai da ɗaliba guda a kan ɗaki cike, ta dubi suna, ta dubi allo, ta nufi gadon da allo ya nuna. Ta tambayi matar, "Ke ce wance?" Matar ta ce awo, wato e, kuma ba ƙarya ta yi ba. Har an rataye leda ana shirin haɗa ta da kanula, 'yar robar da ke cikin jijiyar hannu, sai uwar majinyaciyar, wata dattijuwa da ke gyangyaɗi a gefen gado, ta ce, "Malama, wanga jini na wa na? Mu dai ba a ce muna mu kawo jini ba. Halan kyauta ta?"

Tsohuwar nan ba ta san rukunin jini ba, amma ta san ƙa'idar asibitocinmu: ba a ƙara wa naka jini sai an sa ku nemo wanda zai bayar a madadinsa, ita kuwa ba ta ga an ɗebi ɗanta ko surukinta ba. Da aka duba, ledar rukunin A ce, matar da aka nufa da ita rukunin O. Jikin mai rukunin O yana ɗauke da garkuwar da ke far wa jinin A da na B nan take. Ƙwayoyin jinin da aka ƙara sai su fashe a cikin jijiya, mutum ya kama rawar sanyi da zazzaɓi da ciwon baya, numfashi ya yi wuya, fitsari ya koma kamar ruwan soɓorodo, ƙoda na iya tsayawa. Ba sai leda ta ƙare ba, kaɗan ma ya isa ya yi ɓarna.

Washegari kowa ya san abin da ya saba biyo baya: takardar tuhuma, faɗa a gaban ɗalibai, wataƙila a tura malamar wani sashen, shi ke nan an rufe magana. Metiron ɗinmu ba ta bi wannan hanyar ba. Ta tara mu a ofishinta, ta sa malamar a kusa da ita, ta ce, "Ba sunan mai laifi nike nema ba, na riga na san wadda ta rataye leda. Ku biyo mini ledar nan tun daga inda aka ɗebi jinin gwaji har inda ta tsaya." Muka bi ta taki-taki. An ɗebi jini a bakin gado, amma sai da aka koma tebur aka rubuta suna a jikin kwalba. Takardar neman jini suna kawai ke kanta da lambar gado, babu lambar kati. Wanda ya karɓo leda bai tafi da komai a rubuce ba. An sauya gado, allo bai sani ba. Wajen miƙa aiki an yi bayani a tebur, ba wanda ya zaga ya ga fuskokin. Ko'ina muka taɓa sai mu ga ƙofa a buɗe. Duk wadda ta kwana a ɗakin a daren nan, cikinmu har da masu shekara ashirin a aiki, ramin da za ta faɗa ke nan.

Daga nan aka kafa ɗan kwamiti. Akwai likita matashi ɗaya, da mai harhaɗa magunguna, da ma'aikacin ɗakin gwaji, da malamar ɗakin tiyata, da mai kula da kati, da shugabar masu shara, sai ni. Shigar da shugabar masu shara ya ba wasu dariya a lokacin. Likitan ne ya zo mana da takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, ya karanta mana cewa kusan majinyaci ɗaya cikin goma yana cutuwa a wajen neman lafiyar kanta, kuma kimanin rabin wannan cutarwar abu ne da za a iya kauce masa. A asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu, hukumar ta ƙiyasta aukuwar irin wannan sau miliyan 134 a shekara, da rasa rayuka miliyan 2.6. Mai kula da kati ya girgiza kai ya ce to mu nan ai ba mu cika jin ƙorafi ba. Gaskiya ne ba mu ji, amma dalilin ba abin alfahari ba ne. Mutanenmu idan an ce musu Allah ya yi wa tasu rasuwa, sai su yi salati, su ce kwana ya ƙare, su yi mana godiya ma kafin su ɗauki gawa. Ba mai tambayar wane ruwa aka sa mata, ƙarfe nawa aka duba ta. Haƙurin nan nasu yana rufa mana asiri fiye da yadda ya kamata, kuma inda ba mai tambaya, ma'aikaci kan daɗe bai san yana kuskure ba.

Muka fara da shaidar majinyaci. Shawarar da hukumar ta fitar tun 2007 ita ce a tantance mutum da abu biyu aƙalla, kamar suna da ranar haihuwa, kuma kada lambar ɗaki ko ta gado ta shiga ciki. Ranar haihuwa ba za ta yi mana aiki ba, saboda haka muka zauna muka tsara namu: cikakken suna yadda yake a kati, sunan da ake kiranta da shi a gida, lambar kati, da garin ko unguwar da ta fito. Kulu ta Mabera daban, Kulu ta Gwadabawa daban. Babu kuɗin sayen awarwaron roba da ake ɗaura wa majinyata a manyan asibitoci, sai muka riƙa ninke farar filasta muna rubutu da biro muna zagaya ta a wuyan hannu. Ba ta yi ƙarko ba. Zafin Sakkwato a watan Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, gumi ya riƙa cinye rubutun, masu cikin da aka kwantar kuma suna alwala sau biyar a rana. Muka koma maka marar gogewa, muna rufe rubutun da salatif. Da shugabanni suka ga abin ya zauna ne aka fara sayo na roba, kodayake har yanzu idan ya yanke filastarmu muke komawa.

Jarirai sun fi ba mu tsoro, don su ba su da suna sam sai ranar bakwai. Yanzu kafin a raba jariri da uwarsa, ko da kai shi awon nauyi ne, sai an ɗaura masa shaida a ƙafa mai sunan uwa da lambar katinta. Tagwaye kuma a ƙara "na farko", "na biyu", kafin dangi su iso su fara Hasana da Husaina.

Abin da ya fi ɗaure abin hannu wuya shi ne sauya yadda muke tambaya. Mace mai naƙuda, ko wadda kunya ta rufe, ko wadda Fulatanci ko Zabarmanci ne harshenta Hausar kama-kama ce, duk sunan da ka kira ka ce "ke ce?" za ta amsa. Ba ta son ta ja da ma'aikaciya. Sai muka hana tambayar da amsarta awo ce. A ce mata, "Mi as sunanki?" a yi shiru har ta faɗa da bakinta, sannan a duba hannu. A nan ma mun yi karo da al'ada: da yawa ba za su ambaci sunan miji ba ko za a yanka su, wasu kuma sunan ya zo ɗaya da na ɗan fari ko na suruki. Ba ma tilasta su. Sai mu ce "ɗiyar wa ce ke?", ko mu juya ga mai jinya: "Inna, mi as sunan ɗiyakki, kuma wane suna aka yanki kati da shi?" Idan aka samu masu suna ɗaya a ɗaki, sai a ja jan layi ƙarƙashin sunayensu a allo da fayil, a kuma kwantar da su nesa da juna.

A kan jini kuwa ba mu yi sassauci ba. Ana rubuta kwalbar gwaji a bakin gado, a gaban mai ita, kafin a ɗaga ƙafa. Wanda zai karɓo leda sai ya tafi da takarda mai suna da lambar kati. Idan ta iso, ma'aikata biyu ne za su tsaya a kan majinyaciya, ɗaya na karanta jikin leda da ƙarfi, ɗaya na bin abin hannu da takardar ɗakin gwaji: suna, lamba, rukuni, lambar leda, ranar da za ta lalace. A fara ƙarin cikin minti 30 da fitowarta daga firiji, a gama cikin awa 4. A auna zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini kafin a fara, a sake bayan minti 15, kuma a cikin waɗannan mintocin ba a yin nisa, don mummunan rikici yawanci a nan yake nuna kansa. Mun kuma hana tsoma leda a ruwan zafi, abin da wasu ke yi da kyakkyawar niyya wai kada sanyi ya kama mai jego, alhali zafin fasa ƙwayoyin jini yake. Dokar mutum biyu ta jawo gunaguni da dare, don sai an taso wata daga ɗakin da ke maƙwabtaka, ita ma ta bar nata majinyatan. Har yau ana wannan gunagunin, kuma masu yin sa suna da gaskiyarsu. Ba mu dai janye ba.

Miƙa aiki ya tashi daga tebur ya koma bakin gado. Mai fita da mai shigowa su zaga tare, a gaishe da majinyaciya da sunanta, a faɗi abin da ya kawo ta, abin da aka yi mata, abin da ake jira, da abin da ake tsoro. Yana cin lokaci, wadda ta kwana a tsaye kuma gida take so. Inda amfaninsa ya fi fitowa shi ne wajen masu jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma ba ma rasa su, musamman 'yan mata masu cikin fari da ba su je awo ba. Maganinta allurar maganiziyam salfet ce: giram 4 ta jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan giram 5 duk bayan awa 4 har a cika awa 24. Allura ce mai ceton rai, amma idan ta taru a jiki tana tsayar da numfashi. Kafin kowace allura dole a ƙirga numfashi a ga bai gaza 16 a minti ba, a buga gwiwa a ga ƙafa ta harba, a auna fitsari a ga ya kai mililita 30 a awa. Da can kowa a ka yake riƙe wannan, wata ta rubuta a fayil, wata ta manta. Muka buga takarda ɗaya muka rataye a ƙafar gado, mai gurbin lokaci da gurbin abubuwan nan uku, ba a zuƙar allura sai an cike su. Makarinta kuma, kalsiyam gulukonet, da yake kulle a kantin magani sai an je nema, yanzu yana cikin tiren gaggawa, ana duba shi a kowane karɓar aiki. Mai harhaɗa magunguna ya kwashe kwalaben fotasiyam daga ɗakin gaba ɗaya, saboda sun yi kama da na ruwan haɗa allura, kuma idan aka tura shi ta jijiya kai tsaye zuciya yake tsayarwa.

Wankin hannu bai ba mu wahalar fahimta ba, ruwa ne matsalar. Likitanmu ya so ya burge mu da labarin Ignaz Semmelweis, wanda a 1847 a wani ɗakin haihuwa na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta sauko daga kusan kashi 18 cikin ɗari zuwa wajen kashi 2. Shugabar masu shara ta ce to a fara gyara famfo. Aka sayo bokitai masu kan famfo aka ajiye a ƙofa da tsakiyar ɗaki, aka kuma haɗa ruwan goge hannu a kantin maganinmu bisa ma'aunin hukumar, mai sinadarin etanol kashi 80. Wasu sun yi ɗari-ɗari da shi saboda sun ji an ce giya ce, sai da aka gayyato wani malami ya yi bayanin cewa abin tsafta ne da magani, ba na sha ba, sannan hankali ya kwanta.

Ɗakin tiyata ne ya gwada haƙurinmu. Takardar tambayoyin tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ma'aikata ke kira cekilis, ta fito a 2008. Tambayoyi 19 ne a zango uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗakin. An gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mutuwa bayan tiyata ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7. Tambayoyin ba su da wuya. Wane ne wannan, wane aiki za a yi masa, ya amince? Akwai maganin da jikinsa ba ya karɓa? An maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, tana aiki? Ana tsoron zai zubar da jini fiye da mililita 500, in haka ne an tanadi jini da ruwa? An ba da allurar rigakafin ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce? A ƙarshe kuma, gozi da allurai da kayan aiki sun cika yadda aka ƙirga su da farko?

Wuyar tana wajen wanda zai yi tambayar. Malamar jinya ce ke karantawa, babban likita ne ke amsawa, mu kuwa an tashe mu a kan cewa ƙarami ba ya tsayar da babba. Ina tsaye ranar da wata ƙaramar malama ta ɗaga takarda murya na rawa ta ce, "Ranka shi daɗe, a dakata a karanta." Likitan, safar hannu a hannu, ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, tun ba a haife ki ba nike wanga aiki." Ta sunkuyar da kai, aka ci gaba ba a karanta ba. Bayan ɗan lokaci da muka tattara takardun sai muka ga kowace an cike ta tsaf, ba gurbi ko ɗaya a buɗe, da biro ɗaya da hannu ɗaya. Kyawun nasu ne ya tona su: ana zama a cike su ne bayan an gama aiki, ko ma kafin a shigo da majinyaciya. Takarda ta ƙaru, ba abin da ya sauya.

Ba mu da ikon yi wa babba faɗa, saboda haka sai Metiron ta bi ta wajen shugaban likitoci, ta roƙe shi abu ɗaya: a nasa aikin, shi da kansa ya riƙa cewa "Malama, karanta muna", kuma ya ajiye wuƙa har a gama. Da sauran suka ga mai gida na yi, girman kai ya rasa wurin tsayawa. Muka kuma cire takardar daga fayil muka buga ta da manyan baƙaƙe a bango, ya zama magana ce ake yi da baki kowa na ji. Hukumar da kanta ta ce kowane asibiti ya gyara ta daidai da halinsa, don haka muka ƙara namu tambayoyin da ba wanda zai tuna da su a Jeniba, hedikwatar hukumar: janareta na da mai? Fitilar caji na kusa? Tukunyar iska a cike take, akwai ta biyu? Waye zai karɓi jariri, kuma kayan farfaɗo da shi na shirye? Idan aikin gaggawa ne, uwa na zubar da jini, ana karanta muhimman cikin ƙasa da minti ɗaya ana wanke ciki. Shi wancan likitan mai tabarau yanzu idan aka manta shi ke cewa ina mai karatu, ko da yake bai taɓa nuna ya tuna abin da ya faɗa ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

Wani jinkirin da ke cin rai ba a ɗakin tiyata yake ba, a bakin ƙofarsa yake: jiran miji ya zo ya sa hannu. Mace baliga mai hankalinta a doka ita ke da ikon amincewa a yi mata aiki, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta hana a ƙi kula da mai buƙatar gaggawa. Amma matar da ta san gidan da za ta koma ba za ta sa hannu mai gida na kasuwar Illela bai sani ba. Abin da muka iya yi shi ne ɗauko maganar tun ranar kwanciya, ko tun wajen awo ga waɗanda muka hango matsala: a karɓi lambar waya biyu, a tambayi mijin wa ya wakilta idan ba ya nan, a kuma sa su nemi masu ba da jini tun ba a shiga ruɗani ba.

Akwatin rahoto muka kafa a ƙarshe, aka ce duk wanda ya ga kuskure, ko abin da ya kusa zama kuskure, ya rubuta ya jefa, ba sai ya sa suna ba. Ya daɗe ba kowa a ciki sai ƙura. Da takardu suka fara shigowa kuma ƙarar juna ce: wance na zuwa a makare, wane ba ya gaisuwa. Abin da ya juya shi shi ne ranar da aka samu wata 'yar takarda da rubutun ajami, daga ɗaya cikin masu shara, cewa tana tsintar allurai a cikin zannuwan gado idan ta je wanki, har ɗaya ta taɓa soke ta ba ta faɗa wa kowa ba. Aka kai ta aka yi mata gwaje-gwajen da suka kamata, aka ƙara kwalayen zubar da allura aka ɗaura ɗaya a jikin kowane keken magani, sannan aka rubuta a allon sanarwa: an kawo rahoto kaza, ga abin da aka yi. Ganin ana aiki da abin da aka rubuta, kuma ba a kori kowa ba, shi ya buɗe bakin mutane. Wannan bai hana hukunta ganganci ba. Wanda ya bar ɗaki ya tafi hira, ko ya rubuta awon da bai yi ba, takardar tuhuma na nan tana jiransa. Idan kuma magani ne ya yi wa majinyaci illa, mai harhaɗa magunguna na cike takardar NAFDAC mai ruwan ɗorawa ya aika.

Masu jinya, waɗanda da muke kora waje da tabarminsu idan za a zaga, yanzu da su muke aiki. Duk wadda aka kwantar, sai an zaunar da mai kula da ita an gaya mata abin da za ta taso mu a kai ko ƙarfe nawa ne: ƙyallen da ya jiƙe da jini da sauri, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, rawar sanyi ana cikin ƙarin jini, jaririn da ya ƙi kama nono. Muna ce musu duk allurar da za a yi, suna da damar tambayar ta mece ce kuma ta wa ce. Takardar haƙƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ma ta ba su wannan. Muna tambayar abin da aka sha a gida, rubutu ne ko jiƙo ko ƙwayoyin kemis, ba tare da tsawa ba, don wadda aka yi wa tsawa sau ɗaya ɓoyewa za ta yi ta ci gaba da bayarwa a bayan labule. Ranar sallama kuma ba ma cewa "kin gane?" Sai mu ce, "Gwaggo, maida mini yadda za ta sha wanga magani", mu zana rana da wata a jikin ambulan ga wadda ba ta karatu.

Ranar 17 ga Satumba, wadda Majalisar Lafiya ta Duniya ta keɓe tun 2019 don kare lafiyar majinyata, mukan tara sababbin ɗalibai mu sake bi da su daga farko, don kowane rukuni ya zo da "gado na shida" a bakinsa yake zuwa, ya koyo a wani wurin. Ƙarancin ma'aikata na nan yadda yake. Abin da ke gaban kwamiti yanzu shi ne allurar oksitosin da muke tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa. Tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, zafi na rage mata ƙarfi ba tare da kamanninta ya sauya ba, kuma rahoto ya shigo cewa ana barin ta a kan keke tun safe har la'asar saboda firijin ɗakin ya dogara da wutar da ba ta tsayawa. An rubuta takardar neman firiji mai aiki da hasken rana, tana ofishin gudanarwa. Kafin ta fito, allurar na cikin akwatin sanyi irin na masu rigakafi, duk mai karɓar aiki ita ke sauya ƙanƙararsa, ta duba ma'aunin zafi ta rubuta abin da ya nuna.